Allurar Inna

Shekarar da na kusa rasa aikina, babu wani maƙiyi da ya sa mini hannu. Uwar da ta haife ni ce da 'yar uwarta, kuma suna dariya suka yi abin.

Ina aiki a wani ɗakin bincike a nan Abijan, labo muke ce masa. Ni ba likita ba ce, ko da yake duk tsakar gidanmu a unguwar Biyafara dokta ake kirana, har da masu kawo mini ƙafa mai kumburi in duba. Aikina in karɓi jini a 'yar kwalba, in tace shi, in fitar da abin da ake nema, in manna lamba, in sa a sanyi. Hannuna ba ya rawa, kuma ba na haɗa kwalbar wani da ta wani. Da wannan kaɗai nake taƙama a duniya, tunda kyau Allah bai ba ni da yawa ba, haƙuri kuwa ko na cikin cokali ban samu ba.

A lokacin labonmu ya shiga wani aikin haɗin gwiwa da wasu ɗakunan bincike, ɗaya a Yamai, ɗaya a Turai, ɗaya can Japan. Tambaya ɗaya ta haɗa mu. Kowace ƙwaya a jikin mutum, ta ido ce, ta hanta ce, ta jini ce, rubutun gado iri ɗaya take ɗauke da shi, amma kowace da aikinta daban. To me ke buɗe wani sashe na rubutun ya rufe wani? Akwai wasu ƙananan alamomi da ke zama a kansa, su ke nuna inda za a karanta da inda za a bari, kuma rayuwa tana taɓa su: abinci, ciwo, shekaru, har iskar da mutum ya shaƙa.

Na taɓa yi wa Mama wannan bayani tana ninke atamfa a rumfarta ta kasuwar Tireshbil. Na yi ta zuba har bakina ya bushe. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, wato kayan cikin sito ɗaya ne a kowane shago, abin da aka baje a tebur ne ya bambanta. Shekara nawa na yi a makaranta kafin in gane wannan, ita kuma tsakanin ninki biyu ta gama da shi.

Duk bayan sati biyu muna taro ta kwamfuta, mu da safe, mutanen Japan da yamma, kowa fuskarsa a cikin ɗan akwatinsa. Irinmu masu aikin kwalba a baya muke zama, ba ma magana. Wata rana farfesan Turai, wani dattijo mai gashin gira kamar tsintsiya, ya ce abin da suka fi buƙata shi ne tagwaye masu kama ɗaya waɗanda suka daɗe a rabe, ɗaya a wani yanayi, ɗaya a wani. Rubutun gadonsu ɗaya ne, don haka duk bambancin da aka gani a alamomin, rayuwa ce ta rubuta shi. Ya ce samun irinsu wuya gare shi. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba, sai ƙarar kujerata na ji a ƙasa.

Mama 'yar tagwaye ce. Ita ta riga fitowa, 'yar uwarta, wadda muke kira Inna, ta biyo ta. Aure ya kawo Mama Abijan wajen Baba, da ke fataucin kaya daga tashar jirgin ruwa, Inna kuma ta zauna a Damagaram. Shekara ashirin da bakwai rabon da su sa juna a ido. Kullum baɗi, baɗi. Yau hanya ba lafiya, gobe ciki, jibi rumfa babu mai tsaro. Sai dai saƙon murya a waya, wanda suke aika wa juna fiye da sau goma a rana, har da na tambayar me aka dafa.

Shugabar labonmu, Madam, mace ce 'yar ƙasar nan mai kaifin ido, wadda ba ta dariya kafin ƙarfe goma. Da na kai mata labarinsu, ta ce abokan aikinmu na Yamai za su iya ɗibar jinin Inna a can. Na ce ai ɗiba rana ɗaya, wuri ɗaya, hannu ɗaya, shi ya fi inganci. Gaskiya na faɗa, amma ba don ita na faɗa ba, kuma Madam ta sani. Ta dube ni ta saman tabarau ta sa hannu a takardar tafiyar Inna.

Ranar da motar Inna za ta iso, tun tara na safe Mama ta ja ni zuwa tashar Ajame, alhali an ce mana sai bayan azahar. Wanda bai san tashar nan ba bai san hayaniya ba. 'Yan kamasho suna jan hannunka zuwa garin da ba ka yi niyyar zuwa ba, masu baro suna ihun a ba su hanya bayan sun riga sun take ka, hayaƙin manyan motoci da ƙamshin soyayyar ayaba sun haɗu sun zama abu guda. Sau uku aka so a tura Mama garin Buwake. Na uku ta zage mutumin da Julanci, yaren 'yan kasuwar nan, har ya ba ta benci ta zauna.

Abin da ban sani ba, tun wata guda kafin nan Mama ta aika wa Inna atamfa ta hannun wani direba, sun ɗinka anko. Da motar ta tsaya, ƙura ta lafa, sai ga Mama tana saukowa daga matakala, ga kuma Mama a gefena tana riƙe da hannuna. Wani mai baro ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ajiye baronsa ya koma gefe yana salati. Su kuwa ba su rungumi juna ba. Suka tsaya suna duban juna tun daga ɗankwali har silifa, yadda Mama ke duba yadi kafin ta saya.

"Kin tsufa," in ji Mama.

"Madubi kike kallo," in ji Inna.

Daga nan ne kuka ya ɓarke, da guɗa, da dukan kafaɗa. Ni ma ina kuka ina dariya ina ƙirga buhunan Inna, waɗanda suka cika da kilishi da dabino da kuka da wata tukunyar ƙasa da ban san yadda ta tsira kwana uku a hanya ba. Muka cika tasi har direba yana gunaguni, muka haye gada zuwa Tireshbil. Inna ta leƙa ta ga ruwa shimfiɗe hagu da dama, ta tambaya wa ke da shi.

Gidanmu a Biyafara irin gidan hayar nan ne mai ɗakuna kewaye da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Ƙabilu ne iri iri, akwai Jula, akwai Mosi, akwai Bawule, kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Cikin kwana biyu matan nan biyu suka juya gidan. Mata masu shekara hamsin da ɗoriya suka koma 'yan shekara tara. Inna ta zauna a rumfar Mama ba ta jin ko kalma ɗaya ta Faransanci, mai saye ya yi ta ciniki tana kallonsa kawai, har ya gaji ya biya yadda aka faɗa. Mama ta karɓi gaisuwar baƙunta daga maƙwabta sau biyu, da kwanon abincin da ke biyo ta. Baba ya bugi ƙirji ya ce shi kam ba za a ruɗa shi ba, matarsa ce shekara da shekaru. Washegari ya zauna ya yi wa Inna mitar gishiri ya yi yawa a miya, ta saurare shi har ƙarshe sannan ta gaishe shi da gaisuwar suruki. Daga ranar sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya ya tambaya wace ce a ciki. Ni da ya kamata in ji tsoro, ni na fi kowa dariya.

Ranar ɗibar jini suka sake sa anko, da hijabi iri ɗaya har ƙasa. Wani tafinta ya karanta musu takardar amincewa da Hausa, ya gaya musu sau biyu cewa wadda ba ta so tana iya fasawa. Mama ta yi tambayoyi kamar za ta sayi labon. Inna ba ta ce komai ba, idonta a ƙasa, na ɗauka kunyar baƙon wuri ce. Aka ba kowace katinta mai lamba. Doka ta hana ni taɓa hannun dangina, don haka nas ce za ta ɗiba a ɗakin sama, ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina ƙasa ina jiran kwalabe. Na farko suka sauko, bayan kamar minti goma sha biyar na biyu suka biyo. Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Kowace lamba sai da na karanta ta a fili sau uku kafin in manna.

Inna ta yi sati shida ta koma. Muka aika abin da na tace zuwa Turai a cikin akwatin sanyi, daga can wani kaso ya wuce Japan. Ana cikin haka aka ce za a ɗauki mai aikin kwalba guda ɗaya daga ɓangaren Afirka, ya je labon farfesan ya yi wata shida yana koyon na'urar da ke karanta alamomin nan. Madam ta sa sunana. Ta gaya mini a tsaye, kamar mai cewa in rufe taga. Ni kuwa na shiga bayi na rufe ƙofa na yi rawa.

Kafin magariba duk Biyafara ta ji. Mama ta tafi Ajame wajen 'yan gwanjo ta sayo mini rigar sanyi mai nauyin ɗan akuya. Nakan sa ta a ɗaki in tsaya gaban fanka ina zufa, wai ina gwaji. Maƙwabta suka fara kawo saƙo, wannan agogo, wannan maganin gwiwa. Wata tsohuwar Bawule ta ce in na ga ɗanta a can in ce ya kira ta, ba ta ma san ƙasar da yake ba.

Bayan wata uku sakamako ya fito. Farfesan ya haska mana zane a taro, kowane tagwaye da nasu. Ɗigo ne birjik, in alamomin mutum biyu sun yi daidai sai ɗigon su hau layi ɗaya, in sun bambanta sai su watse. Na sauran duk da 'yar watsewarsu. Da aka zo lambarmu sai ga layi siriri, miƙaƙƙe, kamar an ja zare. Mace ɗaya ta yi shekara ashirin da bakwai tana cin aceke, dambun rogon nan, da kifi a bakin teku, ɗaya tana shan fura a bakin hamada, amma babu bambanci ko na ƙwayar gero.

Na ce shi ke nan, jinin gidanmu ya kayar da kimiyya. Har na fara ganin hoton Mama a jarida. Na juya ina murmushi in ga wa zai fara tafi, sai na ga babu mai kallona. Matar Japan ta cire tabarau tana gogewa. Farfesan ya yi gyaran murya, ya ce cikin ladabi irin wannan daidaito bai saba ganinsa ba sai in jinin mutum ɗaya aka raba kwalba biyu. Sannan ya tambaya wa ya yi aikin kwalaben.

A ofishinta Madam ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce abu biyu ne: ko na yi kuskure na zuba jini ɗaya sau biyu, ko kwalba ɗaya ta lalace a hannuna na cike gurbin na yi shiru. Na farko sakaci ne, na biyu kuwa ba a zama a labo bayansa. Ta ce ta janye sunana daga tafiyar har sai an gano, kuma kwamitin zaɓe zai zauna nan da sati uku. Na ce mata ban yi ba. Ta ce ta so ta yarda, amma zanen ba ya jin rantsuwa.

Kwana uku ina bin littafin aikina layi layi. Na duba firiza, na duba lambobi, na duba har kwandon da ba shi da laifi. Komai daidai, kuma hakan ya fi ba ni tsoro, domin na fara zargin kaina. Da na gaya wa Mama cewa jininsu ya fito iri ɗaya sak, sai ta ce to, ba tagwaye ba ne? Ta ƙara da cewa su da ke hana tukunya tafasa in an ɓata musu rai, na'urar Bature ce za ta gagare su. Ban gaya mata an janye sunana daga tafiyar ba, kunya ta hana ni.

Rana ta huɗu na kira Inna, don kawai in cike wani gurbi a rahotona. Na tambaye ta a wane hannu aka ɗibi jininta. Sai na ji wata 'yar dariya ƙasa ƙasa, irin wadda na ji ranar da Baba ya yi mitar gishiri. Ta ce, ɗiyata, tambayi uwarki. Ta kashe waya.

Ban san yadda na iso gida ba. La'asar ce, Mama tana tsakar gida a kan kujera 'yar tsugune tana yanka ayaba. Na tsaya a kanta na tambaye ta sau nawa ta shiga ɗakin nas. Ta dube ni, ta ajiye wuƙa, ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce sau biyu mana. Da fari ta ba da hagu da katinta. Ta fito, suka shiga bayi, ta ɓoye audugar a ƙarƙashin hijabi, ta karɓi katin Inna ta koma ta ba da dama. Har da kwaikwayon yadda ta yi fuskar baƙauya, nas tana mata Faransanci tana kallon silin. Ta ce ai ni da bakina na ce kayan sitonsu ɗaya ne, to mene ne a ciki?

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa uwata murya a gaban maƙwabta. Na ce mata tebur ake dubawa ba sito ba, ita ce ma ta faɗa. Na ce an cire sunana, ana mini kallon maƙaryaciya a ƙasa huɗu, aikin da na yi shekara bakwai ina ginawa ya tafi saboda wasan yara. Matar Mosi da ke wanki a famfo ta kwashe kayanta ta shige ɗaki.

Dariyar Mama ta ɗauke. Ba ta zage ni ba. Ta zame wuyan rigarta ta nuna mini kafaɗar hagu, ga tabon allurar rigakafi, sannan ta dama, ga wani. Tun ina goye nake ganin tabon nan biyu, ban taɓa tambaya ba. Ta ce suna yara masu rigakafi suka zo unguwarsu, Inna ta ga allura ta sume a layi, ita kuma ta shiga sau biyu. Tun daga nan haka suke yi.

"Ke," ta ce, don ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana. "Ta haihu bakwai ba na nan. Ta binne biyu ba na nan. Mijinta ya yi shekara a kwance, ita kaɗai ta juya shi, ni ina nan ina auna yadi. Sai ga abu ɗaya da zan iya ɗaukar mata, allura guda, tana rawar jiki a bayi tana kallona. Ki gaya mini, da me zan ce mata?"

Na zauna a ƙasa na ɗauki wuƙar na ci gaba da yanka ayabar, ina yi hawaye na ɗiga a kai. Fushina bai tafi ba, amma ya rasa inda zai sauka. Na yanke a raina zan ce wa Madam kuskurena ne, in ɗauki sunan sakaci, tunda ba zan tsaya gaban Turawa da Japanawa in ce uwata ta yi maguɗi ba.

Da safe na fito na tarar da Mama ta riga ni shiri, da mayafinta na zuwa biki da katuna biyu a hannu, ashe duk ta adana su. Na ce ina za ta. Ta ce inda aka ɓata nan ake gyarawa, in wuce mu tafi.

A ofishin Madam ta zauna ta zayyana komai da Faransancinta na kasuwa, ba ta rage ko ɗaya ba. Aka kira nas. Da fari ta rantse mutum biyu ta gani. Can sai ta dafe baki. Ta ce ta tuna ta biyun ta ƙi ba da hannun hagu ƙememe. Kuma wai matar ba ta jin Faransanci, amma da ita nas ɗin ta yi maganar zuci a fili tana neman inda ta ajiye bironta, sai matar ta nuna mata ƙarƙashin takarda. Madam ta juya mana baya tana kallon taga, kafaɗunta suna rawa. Ƙarfe tara da rabi ne, ban taɓa ganin haka ba. Da ta juyo tana share ido, sai ta yi wa Mama faɗa sosai, ta yi wa nas, ta yi wa kanta da ba ta sa an tsaurara tantancewa ba, ta yi mini da na kawo 'yan wasan kwaikwayo cikin aikin mutane.

Sannan ta ce ita ta yarda da ni. Amma ta rubuta wa mutanen waje cewa uwar ma'aikaciyarta ta zo ta wanke 'yarta da labari, wannan kowa zai ce uwa ce. Abin da zai kwantar musu da hankali kafin kwamiti ya zauna shi ne a sake ɗiba bisa ƙa'ida, a ga tagwayen nan da gaske akwai su, kowace da jininta. Ta ɗaga yatsa ta ce amma babu mai matsa wa Inna, ko da kalma ɗaya, haƙƙinta ne ta ƙi. Na ce ni ba zan ma tambaye ta ba. Mama ta ce ita ma haka.

Kuma ba mu tambaye ta ba. Baba ne, da bai san an yi wannan alkawari ba, ya kira Damagaram yana ba da labarin yadda matarsa ta kusa korar 'yarsa daga aiki, yana jin daɗinsa, tunda ya sami ranar ramuwa. Kwana biyu bayan haka saƙon murya ya shigo wayata, ana jin ƙugin mota a bayansa. Inna ce. Ta ce tana hanyar Yamai, in gaya mata ƙofar da za ta shiga, kuma kada in kira ta, domin in ta ji muryar mutum za ta sauka ta koma.

Aka tsara ɗiba lokaci ɗaya, Mama a Abijan, Inna a labon Yamai, waya a tsakani ana ganin juna. Wannan karon nas ta duba katin ɗan ƙasa, ta duba fuska, ta duba hannu biyu, saura kaɗan ta ƙirga haƙora. Na Mama aka gama kamar ƙiftawar ido, ko kallon wurin ba ta yi ba. Idonta na kan waya. A can Inna ta zauna a kujera fuskarta ta yi fari, tana jan duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa. Wata ma'aikaciya ta riƙe mata kafaɗa. Da aka ɗaura mata roba a dantse sai na ga Mama ta miƙa hannunta wajen wayar, ta juya cikin gwiwar hannun sama, ba ta ma san ta yi ba.

Inna ta runtse ido. Muka ga kwalba ta cika, ta biyu ta cika, aka zare, aka danna auduga. Ita tana nan a runtse tana jira.

"Ku yi mana in za ku yi," in ji ta.

Aka ce mata ai an gama. Ta buɗe ido ɗaya, ta dubi audugar, ta dubi matar. Ta ce wannan ce allurar? Ta ce cinnakun gidanta sun fi wannan iya aiki. Ɗaki biyu a ƙasa biyu suka kwashe da dariya, har Madam da ke tsaye a bakin ƙofa. Inna ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar, ta ce in je in gaya wa mai gashin girar nan ɗiyarta ba ta ƙarya.

Sakamakon gaggawa ya iso kwana biyu kafin kwamiti. Ɗigon sun watse kamar na kowa, ban taɓa murnar ganin watsewa irin ta ranar ba. Farfesan ya rubuto da kansa ya nemi afuwa, ya ƙara da cewa kwalaben farko, tunda jini ɗaya ne aka tace daban daban suka fito layi ɗaya, shaida ce a kan hannun da ya tace su. Sunana ya koma takarda, kuma na tafi.

Amma ranar ɗiba ta biyun, da muka fito daga labo muka shiga tasi, ni ina ta zuba, ina kwaikwayon Inna da idonta ɗaya, ina dariya ni kaɗai. Sai a kan gada na lura Mama ba ta ce komai ba tun da muka fito. Tana danne da audugarta, ko da yake jinin ya daɗe da tsayawa, tana kallon ruwa. Na tambaye ta ko hannun na ciwo. Ta girgiza kai.

"Ashe tana iyawa," ta ce.

Da muka sauka a bakin layinmu na miƙa hannu zan karɓi jakarta, abin da ba ta taɓa bari na yi ba. Ta dube ni kaɗan, sannan ta sakar mini.